Hadarin da Na Ce Ya Wuce

A ƙauyenmu ruwa daga gabas yake zuwa. Wannan ba sai an je makaranta ba, ko akuya ta sani. In gabas ta yi baƙi, mata su kwashe shanya, maza su saɓa fartanya su nufo gida. In kuwa baƙin a yamma yake, ci gaba da aikinka, ya riga ya wuce, ruwan wasu ne. Da wannan ilimi na taso, kuma in za a yi gaskiya ba ni da wani da ya fi shi, don aji biyu na yi a sakandare aka ce in dawo gona. Da shi na shigo Amurka. Na shekara ashirin da wani abu ina kwasar mutane daga filin jirgi zuwa otal, daga otal zuwa filin jirgi, ban taɓa ɗaga kai na duba ko samansu irin tamu ce ba. Direba titi yake kallo. In ruwa ya sauko in kunna abin share gilashi, shi ke nan.

Gidana a Clinton yake, cikin Maryland. Ƙaramin gida ne, katako ne da kwali aka shafa wa fenti, in ka yi tari a ɗaki na falo ya ce maka sannu. Amma yana da fili a baya, yana kuma da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira besmen. Nan ake cewa mutum ya gudu in guguwa ta taso. Wasu sun mayar da nasu falo, wasu wurin wasan yara. Nawa kwaɗo ne a ƙofarsa, makullin yana aljihuna, har wanka da shi nake shiga.

Ga dalili.

Duk direban da ya kai wasu shekaru a ƙasar nan sai ciwon kwantena ya kama shi. Ni ma ya kama ni. Na fara tsince-tsince: firji da aka ajiye a bakin titi, kekunan yara, tayoyi, keken ɗinki mai ƙafa ɗaya. Na ce zan cika kwantena in aika gida, in buɗe shago, in zama mutum. Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai wata Juma'a bayan an idar da salla, a ƙofar masallaci, bakina ya ce, "Jama'a, duk mai saƙo ya kawo, akwai wuri a kwantenata. Ba na karɓar ko sisi."

Ku gane, a cikin mutanenmu na nan likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a. Ni Malam suke ce min, ba don na karanta komai ba, sai don ba su san me za su kira ni ba. In za su gaisa da ni kan yatsu suke miƙo min, ido yana can wajen wani. Amma a watan nan wayata ba ta huta ba. "Malam, kana gida?" "Malam, Allah ya saka." Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Kwalaye suka yi ta shigowa, kowanne da rubutun mai shi a jiki.

A cikin masu kawowa akwai Hajiya, matar wani babban likita da ke zaune a Annandale. Ita da kanta ta tuƙo mota. Keken marasa lafiya ta kawo, sabo fil, a naɗe cikin ledarsa. Ta manna farar takarda a jiki, ta rubuta garinsu da lambar ƙaninta.

Ta ce, "Malam, don Allah wannan ya fi komai a wurina. Mahaifiyata ce, ƙafafu sun ƙi. Ko bayan gida ɗaukarta ake yi kamar jaririya, kuma mace ce mai kunya."

Na dafa ƙirji na ce, "Hajiya, ki ɗauka ya isa."

Kwantena ba ta tafi ba. Da na je na tambayi kuɗin ɗauka sai da na nemi wurin zama. Ana cikin haka ciwon baya ya riƙe ni wata biyu, mota ta lalace, abin da na tara ya bi iska. Abin da mutumin kirki zai yi a nan kowa ya sani: ya kira mutane ya ce ku zo ku kwashi kayanku, na kasa. Ni sai na ce wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zo na ce mai bi masa. Wata rana a wajen wani biki Hajiya ta tambaye ni a gaban mutane, na ji bakina ya ce, "Ai ta tashi, tana kan ruwa." Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Ta iso. An riƙe ta a tashar jiragen ruwa. Ana zirga-zirgar takardu. A ƙarshe na ce an fasa ta an kwashe komai. Mutane suka yi ta yi min jaje, suna tsine wa ɓarayin da ba a haifa ba, ni kuma ina cewa amin.

Bayan kamar shekara biyu mahaifiyar Hajiya ta rasu. Na je ta'aziyya. Na ci shinkafa, har na ƙara.

Za ku ce me ya hana ni zubar da kayan in huta. Na kasa, amanar mutane ce. Me ya hana in mayar? Na kasa, na riga na ce an sace. Ko sayarwa ban yi ba. A cikin ɓarayin duniya ban ga marar amfani irina ba, na sace kaya na zauna ina gadinsu kyauta. Matata kaɗai ta sani. Duk azumi sai ta ce, "Malam, ka fitar da kayan mutane daga ƙarƙashinmu, ni na gaji da kwana a kansu." In ce mata bayan salla. Yara kuwa na ce musu akwai ɓeraye da danshi, kada wanda ya kusanci ƙofar.

To, sai Allah ya nuna min ba a yi masa wayo. 'Yata ta fari ta shiga jami'a, duk samarin da ke cikin wannan ƙasa mai faɗi ba ta ga kowa ba sai ɗan Likita da Hajiya. Aka yi aure. Hajiya ta riƙe yarinyar nan kamar ita ta haife ta, ba ta taɓa nuna mata cewa ubanta direba ne ba. Ni kuwa tun daga ranar na san zaman 'yata a gidan nan a kan ƙofa ɗaya yake rataye, kuma makullin yana aljihuna.

Da cikinta ya tsufa ta dawo gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, uwarta ta kula da ita. Ta sauka lafiya, mace. Aka sa walimar suna ranar Asabar don kowa ya samu zuwa.

Makon nan kuwa sama ba ta da lafiya. Bazara ce, zafi mai maiƙo, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Kullum da yamma sai an yi tsawa da iska. A talabijin ana ta nuna jihohin tsakiyar ƙasa, guguwa ta bi gari bayan gari, gidaje kamar an tattake kwalin ashana, mace tana tsaye a inda ɗakinta yake jiya tana riƙe da tukunya. Yau wannan jiha, gobe waccan. Sai Likita ya kira ni.

Ya ce, "Malam, da mun kama zauren taro a nan wajenmu. Yanayin makon nan ba shi da tabbas."

Na ce, "Likita, yarinya a gidan ubanta ta haihu, a gidan ubanta za a yi. Mun bar gida amma ba mu bar al'ada ba."

Ya ce, "To, yadda ka ce."

Al'ada! Ni da ban san ranar da na yi wa uwata waya ba. So nake sau ɗaya a rayuwa manyan nan su zo su zauna a kan ciyawata, su ci abincina, su nemi inda za su ajiye mota a layinmu. Na yi hayar rumfuna uku da kujeru. Na aske ciyawa har sau biyu. Na gyara banɗakin baƙi. Ban taɓa kawo wa raina cewa wani zai nemi ɗakin ƙasa ba, wa ke zuwa suna ya ce a nuna masa rami?

Ranar ta zo, mutane suka cika fili. Manyan riguna, turare, mata da gwaggwaro kamar za su taɓo rumfa. Aka yi azahar a kan tabarmi, tsohon limaminmu ya ja. Aka sake faɗar sunan jaririya don waɗanda ba su ji ba. Sunan mahaifiyar Hajiya aka sa mata. Mata suka yi guɗa, Hajiya ta share ido da gefen mayafi. Ni ma na share nawa, kowa ya ɗauka tausayi ne.

Aka kawo abinci. Naman rago, waina, shinkafa, zoɓo mai sanyi. Ina yawo tsakanin kujeru ina cewa a ƙara, a ƙara. Ban taɓa jin ni mutum ne kamar wannan awa biyun ba.

Gab da la'asar sai duk wayoyin da ke wurin suka ɗauki kuka lokaci guda, wani irin ƙara mai shiga haƙori. Kowa ya laluba aljihu. Mijin 'yata ya karanta da Turanci, ya juya da Hausa saboda dattawa: gargaɗin guguwa ne a yankinmu, an ce kowa ya shiga ɗaki mafi ƙasa a gida, yanzu yanzu.

Likita ya ajiye faranti ya miƙe. Ya ce, "Malam, ta ina ake sauka besmen?"

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar kana tuƙi ka taka birki ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Na ɗaga kai sama, abin da ban yi ba shekara ashirin. Na juya gabas: tas, shuɗiya, ko gajimare ɗaya babu. Na juya yamma: baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Wani sanyin daɗi ya sauko min.

Na ɗaga hannu na ce, "Jama'a, ku zauna! Ku zauna ku ci abincinku. Wannan hadarin ya wuce."

Wani injiniya, abokin Likita, mai gilashi da ɗan gemu, ya matso da waya. Ya ce, "Malam, duba taswira. Ka ga jan nan? Mu yake nufowa."

Na ce, "Injiniya, wayarka ta taɓa noma?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa ni.

Na ce, "Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. Ku dubi gabas, akwai komai? Hadari yana yamma ka ce zai dawo, ya manta hularsa ne? Liman, kai ka taso a ƙauye, ka faɗa musu."

Tsohon ya kare ido da hannu ya duba nan ya duba can. Ya ce, "To, a gida dai haka yake."

Na ce, "Kun ji. Allah ɗaya ne, sama ɗaya ce. Turawa in ganye ya motsa sai su aiko saƙo."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, don su ma kafin digiri sun yi kiwon awaki. Saura kuma kunya ta riƙe su, ba a ƙaryata maigida a gidansa ranar sunan jikarsa. Likita ya dube ni, ya dubi sama, ya koma ya zauna a bakin kujera, amma bai ɗauki farantinsa ba.

Matata ta zo ta bayana kamar za ta kwashe kwanuka. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ba ni makullin."

Na ce, "Ke, je ki kawo zoɓo."

Ta ce, "Akwai jaririyar kwana tara a gidan nan."

Na ce, "Na ce ya wuce."

An sha tambayata ko na yarda da abin da na faɗa. Na yarda mana. Ban taɓa yarda da wani abu kamar yadda na yarda da shi a lokacin ba, don in ba gaskiya ba ne na mutu.

Sai iska ta ɗauke ɗif. Ganye ko motsi. Tsuntsayen da suka dame mu tun safe suka yi tsit. Sama ta koma wani kore-kore, kamar ruwan kududdufi. Na ga baƙin nan na yamma ya hau kan rufin maƙwabcina, ina kallo yana ƙara hawa. Na ce a raina, wannan wane irin hadari ne marar tarbiyya.

Iskar farko da ta bugo sanyi ne da ita kamar an buɗe firji. Ta biyu ta ɗaga rumfar mata gaba ɗaya, da ƙafafunta da komai, ta yi sama da ita. Faranti, huluna, gwaggwaro, duk suka tashi. Ƙanƙara ta fara sauka kamar ana jifa da tsakuwa. Ba wanda ya sake neman ra'ayin ɗan manomi. Aka yi cikin gida a guje, manyan riguna suna harɗe ƙafafu, liman an kama shi hagu da dama.

Falo ya cika, kicin ya cika. Gidan yana ƙara kamar tsohuwar mota a kan gargada. Wuta ta ɗauke. Ni kuma ina ina? Ina tsaye a ƙofar ɗakin ƙasa, na jingina baya da ita, na baza hannuwa.

Na ce, "Nan ma ya isa, a tsaya a nan. Ƙasa akwai ruwa. Akwai ɓeraye manya."

Ban rufe baki ba reshen bishiyar maƙwabci ya shigo ta tagar falo, gilashi ya watse, mata suka sa salati. Hajiya ta keto mutane ta zo gabana, jaririya a ƙirjinta ta lulluɓe ta da mayafi, 'yata tana bayanta tana dafa bango.

Ta ce, "Malam, ko macizai ne a ciki, buɗe."

Na buɗe baki in ƙara wata ƙaryar. Matata ba ta jira ba. A gaban surukai, a gaban liman, ta zura hannu cikin aljihun wandona ta zaro makullin, ta ture ni gefe kamar labule. Shekara ashirin da biyar da aure ba ta taɓa ko ɗaga min murya a gaban mutane ba.

Aka sauka, mata da yara a gaba. Ni na shiga ƙarshe, na ja ƙofa. Na so in tsaya a waje, amma ko wannan jarumtar ba ni da ita.

Duhu ne, kowa ya kunna fitilar waya. Mutane suka cusa kansu tsakanin firji da tayoyi. A sama ana jin wani ruri kamar tirela tana gangarowa ba birki. Liman ya fara addu'a, ana amsawa. Na ɗan samu rai, na ce wataƙila tsoro zai rufe musu ido.

Amma ɗan boko ko a kabari ya ga rubutu sai ya karanta. Na ga fitilar Injiniya ta tsaya a kan wani kwali. Ya gyara gilashi. Ya matsa.

Ya ce, "Wannan ai rubutuna ne. Littattafan da na aika wa ƙanena ne."

Wata mata daga can lungu ta ce, "La ilaha illallahu, ga akwatina! Ga atamfofin bikin ƙanwata!"

Fitilu suka fara yawo a bango kamar ana neman ɓarawo, kuma an same shi. Amin ɗin liman ta ragu, ta ragu, har ya zama shi kaɗai yake yi. Sai wani abokin aikina direba, mutumin Nijar, wanda bakinsa ba ya da birki, ya ce, "Ikon Allah. Ashe tashar jiragen ruwan a nan take. Malam, ina ɓarayin, ko su ma suna ciki?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

'Yata ba ta iya tsayuwa, haihuwar ta zo mata da wuya. Na ji Hajiya tana cewa a samo wa mai jego wurin zama. Ta ɗaga wayarta tana haskawa. Na san inda hasken zai je, don ni na jingina keken mahaifiyarta a can da hannuna, bayan keken ɗinki. Ledar ta yi ƙura, amma farar takardar tana nan.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa wa matata jaririya. Ta jawo shi, ta yage ledar da farce, ta buɗe shi, ya yi ƙara irin ta sabon abu. Ta goge mazaunin da gefen mayafinta. Ta kama 'yata ta zaunar da ita, ta gyara mata ƙafafu a kan matakin, ta karɓi jaririya ta ɗora mata a cinya. Ba ta dube ni ba.

'Yata ta sunkuya ta karanta takardar da ke jikin hannun keken. Hausarta ba ta da ƙarfi, amma sunan gari da lambar waya ba sa buƙatar Hausa.

Kowa a ɗakin nan yana roƙon Allah kada gidan ya faɗi. Ni ina roƙon ya faɗi, amma daidai inda nake tsaye kawai.

Bai faɗi ba. Abin duka bai fi a dafa shayi a sha ba. Muka fito muka tarar bishiyar maƙwabci ta kwanta a kan shingena, wata ta tare titi, rumfa ɗaya tana kan rufin mutane gida uku daga nawa, naman rago a warwatse cikin ciyawa. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, alhamdu lillahi. Daga baya wasu suka ce guguwar ta taɓa ƙasa a wata unguwa kusa, wasu suka ce iska ce kawai. Ni ban bi ba'asi ba.

Injiniya ya fito rungume da kwalinsa. Ya tsaya kusa da ni, kuma abin haushi, ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya ce, "Malam, a ƙasar nan daga yamma hadari yake zuwa. Kusan kullum. Yaran firamare ma an koya musu."

Na ce, "Na gode."

Aka fara jerin gwano. Kowa ya koma ƙasa ya ɗauko nasa, babbar riga a jiƙe, kwali a kai, suna tsallake rassa. Wasu sun yi min sallama, wasu sun bi ta gefena kamar turken wuta. Ban taɓa ganin sunan da baƙi suka tafi da kaya fiye da wanda suka kawo ba sai nawa.

Da aka kai 'yata ɗaki, Hajiya ta fito ƙofa. Ta ce, "Malam, a kai min shi mota."

Motarsu tana can ƙarshen layi, bayan bishiyar da ta faɗi. Na turo keken nan babu kowa a ciki, ina kewaye rassa da wayoyin wuta, maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Tayoyinsa ko ƙara ba sa yi. Kaya ne mai kyau, ba ƙaramin kuɗi ta sa ba. Tana biye da ni, ina jin takunta. Na naɗe shi na sa a but ɗin motar.

Sai a nan ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duk wanda ya shiga gaishe da mahaifiyata sai ta ce masa, 'yata ta aiko min da keke daga Amurka, yana kan ruwa. Ban taɓa gaya mata an sace ba. Na ce jirgin ne ba ya sauri."

Na ce, "Allah ya jiƙanta."

Ta ce, "Amin." Ta shiga mota.

Kwana huɗu ba mu da wuta, kwana huɗu 'yata ba ta yi min magana ba. In na shiga ɗaki sai ta juya wa bango fuska. A na biyar, kafin a dawo da wutar, na kai mata ruwan zafi da na dafa a kan gawayi a waje. Yarinyar da tun tana shekara biyar in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ranar nan da Hausa ta yi min, a karye, tana neman kalmomin ɗaya ɗaya.

Ta ce, "Baba, da wane ido zan koma gidansu?"

Washegari na sa rigata mai kyau na tafi Annandale. Tun daga Clinton nake haddace jawabi, na shirya shi da farko da tsakiya da ƙarshe, har da inda zan yi shiru. Likita ba ya nan, yana asibiti. Hajiya ta karɓe ni a falo, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya mai jego, ya jaririya, ya aka ji da ɓarnar iska. Ta sa aka kawo min ruwa. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Na zame daga kujera na durƙusa. Jawabin ya gudu. Abin da ya fito kawai, "Hajiya, ni na yi. Yarinyar nan ba ta san komai ba. Kada a duba ta da laifina."

Ta ce, "Tashi, Malam, kai babba ne. Yarinya 'yata ce, ranar da ta gama wanka ni zan zo in ɗauke ta da kaina. Wannan ka cire shi daga ranka."

Na ce, "To ni fa? Ki yafe min."

Ta ce, "Nawa na bar wa Allah. Amma ba ni ce aka riƙa ɗauka zuwa bayan gida ba. Wadda za ka roƙa ba ta nan."

Na miƙe, gwiwa tana ƙara. Ta ce in ɗan jira, ta shiga kicin ta fito da kula babba. Ta ce farfesun kaza ne ta yi wa mai jego, da yaji a gefe. Na karɓa da hannu biyu, da zafinta. Wallahi har idona ya kawo ruwa, na ce ashe dai da sauran mutuncina.

Na kai bakin ƙofa ina laluben takalmi da ƙafa, sai na ji ta ce, "Malam."

Na juyo.

Ta ce, "Ajiye ta nan kawai. Ɗana zai biyo da yamma ya kai."

Na ajiye a kan teburin da ke bakin ƙofa, a hankali, kada ta zube.

Da na isa gida matata tana share gilashin da ya saura a ƙarƙashin kujeru. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce tana gaishe ki."

Ta ce, "Ɗauki tsintsiya, akwai saura a can lungun."